Iyakokin da Turawa suka zana ne suka hana mu zama lafiya, ko yadda muke mulkin abin da ke cikinsu?

Ɗalibar Kimiyyar Siyasa ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya wadda na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka girme ni a shekaru da karatu. Duk lokacin da aka zauna muhawara a kan dalilin da ya sa ƙasashen da suka fita daga mulkin mallaka suke fama da ƙabilanci da juyin mulki da rashin yarda tsakanin hukuma da jama'a, abin da ake fara ambata shi ne iyakoki. Ana cewa Turawa sun taru a birnin Balin tsakanin 1884 da 1885 ba tare da wakilin Afirka ko ɗaya ba, suka yayyanka nahiyar, suka raba 'yan uwa na jini, suka kuma cusa al'ummomin da ba su taɓa zama ƙarƙashin sarauta ɗaya ba a cikin ƙasa guda. Ana buga misali da haɗe Arewa da Kudancin Najeriya da Gwamna Lugga ya yi a 1914, da kuma Sudan da Kongo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in har nan cutar take, to ai maganinta a fili yake, wato a sake zana iyakokin, kowace al'umma ta kama gabanta. Amma shugabannin da suka karɓi mulkin kai ba su bi wannan hanya ba, kuma shekaru fiye da sittin sun shuɗe ga yawancin ƙasashenmu. Shin iyakokin ne da gaske, ko kuwa mun mayar da su abin fakewa? Sannan idan ƙasa ta riga ta ƙunshi ƙabilu da addinai da yawa, me ya fi mata alheri: kundin tsarin mulkinta ya amince da bambancin ya raba muƙamai a kansa, ko ya kawar da kai ya ce kowa ɗan ƙasa ne kawai? Ina roƙon a amsa mini da hujja.

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Bari in fara da ɗan gyara a kan taron Balin, domin ana yawan ɗora masa abin da bai yi ba. Ƙasashe 14 ne suka halarta, kuma abin da suka tsayar shi ne ƙa'idojin da za su bi wajen kama ƙasa don kada su yaƙi junansu, da kuma 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kongo da kogin Kwara. Iyakokin kansu daga baya aka zana su, cikin yarjeniyoyi tsakanin ƙasashe biyu-biyu da aka yi ta sakewa. Iyakar Najeriya da Nijar, alal misali, Ingila da Faransa sun yi ta ja-in-ja a kanta tun daga 1890 har zuwa 1906, kuma babban abin da ya dami Faransa a lokacin shi ne ta samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Babu wanda ya tambayi mutanen da layin ya ratsa ta tsakiyarsu. Wannan zalunci ne, kuma ba ni musunsa.

Sai dai idan yawan ƙabilu a cikin iyaka ɗaya ne ke rusa ƙasa, da Somaliya ta fi kowace ƙasar Afirka zaman lafiya, tunda kusan dukkan mutanenta harshensu ɗaya, addininsu ɗaya. Amma gwamnatinta ta ruguje gaba ɗaya bayan faɗuwar Shugaba Siyad Barre a 1991, kuma rabuwar ta bi layin zuriya ne a cikin al'umma guda, har ya zamana yau a kan lissafin zuriya ake raba kujerun majalisarta. Ruwanda kuwa masarauta ce tun kafin zuwan Turawa, kuma Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke magana da shi, amma duk da haka aka kashe mutane kimanin 800,000 a cikin kwanaki ɗari a 1994. Inda aka gwada rabuwar ma ba a huta ba. Mutanen Sudan ta Kudu sun zaɓi ɓallewa da kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙuri'u a Janairun 2011, aka ɗaga tutarsu a watan Yuli, kuma kafin ƙarshen 2013 Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar sun jefa sabuwar ƙasar cikin yaƙin basasa. Duk inda aka ja sabon layi, sai a tarar akwai wasu 'yan tsiraru a bayansa waɗanda jiya suke cikin masu kuka, yau kuma su ake danne wa.

Wannan ne ya sa shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka yanke shawara a Alƙahira a 1964 cewa kowace ƙasa za ta mutunta iyakokin da ta gada ranar samun mulkin kai. Wasu suna ganin son kujera ne ya sa su yin haka, kuma ba a rasa wannan a ciki ba, amma ni ina ganin sun hango cewa idan aka buɗe wannan ƙofa ba mai iya rufe ta.

Abin da na fi ɗora wa laifi shi ne irin hukumar da aka bar mana a cikin iyakokin. Turawan mulki ba su da yawa, saboda haka dole suka yi mulki ta hannun sarakuna da hakimai, kuma don tsarin ya yi aiki sai suka karkasa jama'a, kowace ƙabila da yankinta da sarkinta da kotunta. Inda babu sarki sai su naɗa wani su ba shi takarda, kamar yadda suka yi a gabashin Najeriya, abin da ya kai ga boren mata a 1929. A Ruwanda, Turawan Beljiyam sun rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida a cikin shekarun 1930. Kafin wannan lokaci mutum yana iya yin hijira, ya yi aure, ya koyi harshe, jikokinsa su tashi suna amsa wani suna dabam, ba wanda ya ɗauki abin a matsayin laifi. Da aka shigar da asali cikin rajista, aka kuma ce ta wannan ƙofa kaɗai ake samun gona da shari'a da makaranta, sai ya zama dukiya wadda ake karewa da jini. Ranar mulkin kai an sauya mutumin da ke zaune a ofis, amma ba a taɓa rajistar ba.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Baba, da girmamawa, na yarda da rabin maganarka amma ina da ja a kan sauran. Idan muka ce rajistar Turawa ce tushen komai, to mun sake mayar da laifin ga waɗanda suka tafi, sai dai mun ɗauke shi daga taswira mun mayar da shi cikin fayil. Ni abin da na lura da shi shi ne, yawancin manyan yaƙe-yaƙen ɓallewa sun faro ne daga alkawarin da shugabanninmu suka ɗauka da bakinsu, suka kuma karya da hannunsu.

An haɗa Eritiriya da Habasha a 1952 bisa sharaɗin tarayya, tana da majalisarta da tutarta, amma Sarki Haile Selassie ya soke tarayyar a 1962, aka shafe kusan shekaru talatin ana yaƙi. A Sudan, yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 ta ba Kudu ikon gudanar da harkokinta, aka samu zaman lafiya na shekaru goma sha ɗaya, sai Shugaba Numairi, wanda shi ne ya amince da ita, ya warware ta a 1983. A Kamaru, mutanen kudancin yankin da Ingila ke riƙe da shi sun zaɓi haɗewa da ɓangaren Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 a kan cewa tarayya za a yi, amma Shugaba Ahmadu Ahijo ya mayar da ƙasar dunƙulalliya a 1972. Rikicin da ake fama da shi a yankin masu magana da Ingilishi ya fara ne a 2016 da yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta, waɗanda kukansu bai wuce turo musu alƙalai da malamai da ba su san tsarinsu ba. Ko a Najeriya, dokar soja mai lamba 34 da Janar Ironsi ya kafa a watan Mayun 1966, wadda ta soke tsarin tarayya, tana cikin abubuwan da suka rura wutar da ta kai ga yaƙin basasa. Babu Bature ko ɗaya da ya sa hannu a kan waɗannan.

A nahiyar Asiya ma darasin bai sauya ba. An kafa Pakistan a 1947 a kan addini ɗaya, amma shugabanninta suka nace cewa Urdu kaɗai ne harshen ƙasa alhali mafi yawan 'yan ƙasar Bengali suke yi, sannan da jam'iyyar gabashin ƙasar ta lashe zaɓen 1970 aka ƙi miƙa mata mulki. A 1971 aka haifi Bangaladesh. Indiya, wadda ta fi ta yawan harsuna da addinai nesa ba kusa ba, ta sake fasalin jihohinta bisa harshe a 1956, kuma da kudancin ƙasar ya tayar da ƙayar baya a 1965 kan tilasta Hindi, gwamnati ta ja da baya ta bar Ingilishi ya ci gaba da aiki tare da shi. Indiya tana da nata manyan matsalolin, musamman tsakanin Hindu da Musulmi, amma harshe bai raba ta ba.

Saboda haka, ƙanwata, amsata ita ce ba yawan ƙabilu ke kashe ƙasa ba, tsoron bambanci ne da ke cikin zukatan masu mulki. Sun ɗauka cewa duk wanda ya ce a bar shi ya yi shari'a da harshensa ko ya zaɓi gwamnansa, to shirin ɓallewa yake yi, sai suka matse shi har ya fara tunanin ɓallewar da gaske.

Tsohuwar Lauya ta amsa:

'Yata, ni zan tsaya ne a kan tambayarki ta ƙarshe, domin a nan na fi ƙarfi, kuma a nan nake ganin Malam da ɗan'uwana Mai Bin Diddigi ba su yi nisa da juna ba kamar yadda suke zato. Akwai hanyoyi biyu da doka take iya kula da bambancin jama'a, kuma kuskure ne a ɗauke su abu guda.

Ta farko ita ce dokar da ke tilasta wa mai neman mulki ya fita daga gidansu ya nemi yardar wasu. Tun daga kundin 1979, ba a zama shugaban Najeriya da rinjayen ƙuri'u kaɗai, sai an haɗa da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Kenya ta ɗauki irin wannan a kundinta na 2010, bayan rikicin zaɓen 2007 da ya ci rayuka fiye da dubu, inda ta ce sai ɗan takara ya samu fiye da rabin ƙuri'un ƙasa da kuma kashi 25 cikin ɗari a fiye da rabin gundumominta 47. Irin wannan doka ba ta tambayar kowa ƙabilarsa, amma tana sa ɗan siyasa ya san cewa idan ya zagi wani yanki yau, gobe zai je roƙon ƙuri'arsu. Ina goyon bayanta ba tare da shakka ba.

Ta biyu ita ce dokar da ke cewa rabonka yana bin asalinka. Sashe na 14(3) na kundin Najeriya na 1999 ya ce a tabbatar wasu 'yan jihohi ko ƙabilu ba su mamaye gwamnatin tarayya ba, kuma akwai Hukumar Raba Daidai da ke kula da wannan. Niyyar mai kyau ce, kuma duk wanda ya san yadda ilimin boko ya riga isa wasu yankuna da shekaru masu yawa ba zai raina ta ba, domin da an bar abin ga takardar makaranta kaɗai a wancan lokaci, da wasu yankuna ba su ga ƙofar ma'aikatun tarayya ba. Amma sashe na 147(3) ya ce ministan da za a ɗauka daga kowace jiha sai ya kasance ɗan asalin jihar, kuma kundin bai fayyace yadda mutum zai zama ɗan asali ba idan ba a haife shi da shi ba. Sai aikin ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma, wanda shi ke sa hannu a takardar shaidar asali. Mutum ya zauna a gari shekara hamsin, a nan aka haifi 'ya'yansa da jikokinsa, a nan yake biyan haraji, amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati a ce ya koma inda kakansa ya fito, wurin da wataƙila babu wanda ya san shi. Matar da ta auri ɗan wata jiha kuwa sau da yawa takan rasa duka biyu. Duk wannan yana faruwa alhali sashe na 42 na wannan kundin ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Wannan ita ce rajistar da Malam yake magana a kai, sai dai mu ne muke sabunta ta.

Idan aka saba da wannan tambaya ta wane ne ɗan gida, ba ta tsayawa a kan talaka, takan zama makami a tsakanin manya. A 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka kai shi Chadi da sunan ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Kenneth Kaunda ya mulki Zambiya daga 1964 zuwa 1991, amma a 1996 aka gyara kundin ƙasar don a hana shi takara saboda iyayensa daga Malawi suka fito. Alassan Watara ya riƙe muƙamin firaministan Kwadebuwa shekaru uku, sannan aka hana shi takara a 2000 bisa shakkun asali, kuma da yake miliyoyin mutanen arewacin ƙasar sun ga kansu a cikin wannan hukunci, bayan shekaru biyu ƙasar ta rabu gida biyu. Ko a Nijar, kafin zaɓen 2020, sai da 'yan hamayya suka kai ƙara kotu suna tuhumar zaman ɗan takarar shugaban ƙasa Bazum ɗan ƙasa. A mafi yawan waɗannan ba a tuna da asalin mutum sai ranar da ya zama barazana ga mai kujera.

Idan kuwa ana son ganin ƙarshen hanya ta biyu, a dubi Labanon, inda tun 1943 aka keɓe shugaban ƙasa ga Kirista Maruni, firaminista ga Ahlus Sunna, shugaban majalisa ga 'yan Shi'a. Ƙasar ba ta sake yin ƙidayar jama'a a hukumance ba tun 1932, domin kowa yana tsoron abin da alƙaluman za su yi wa rabon.

Ɗalibar Kimiyyar Siyasa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, bayaninki ya raba mini abu biyu da nake haɗawa. Amma ina da sauran tambaya ga Baba Malam. Tanzaniya tana da ƙabilu fiye da 120, ita ma ta gaji sarakunan da Turawa suka yi mulki ta hannunsu, amma ba a jin labarin yaƙin ƙabilanci a can. Shin ba wannan ke nuna cewa kawar da kai daga ƙabila gaba ɗaya yana yiwuwa ba, saɓanin abin da Yaya Mai Bin Diddigi ya ce game da matse bambanci?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Tambaya ce mai kyau, 'yata, kuma Tanzaniya ita ce hujjata mafi ƙarfi cewa ana iya yaga rajistar. Shugaba Julius Nyerere ya soke ikon sarakunan gargajiya a 1963, ya mayar da Suwahili harshen makarantar firamare da na majalisa, ya kuma riƙa tura ma'aikata da ɗaliban sakandare zuwa yankunan da ba nasu ba. Amma ki lura da abin da ya sauƙaƙa masa. Suwahili ba harshen wata babbar ƙabila ba ne da sauran za su ji an ɗora ta a kansu, ya riga ya bazu ta hanyar fatauci tun kafin Turawa. Indonesiya ma haka ta yi, domin matasanta sun zaɓi harshen Malay na kasuwa tun 1928, suka bar harshen Jawa duk da cewa masu shi su ne mafi yawa. Siri Lanka ta yi akasin haka a 1956, ta ce harshen masu rinjaye kaɗai ne na hukuma, ta ƙare da yaƙin da ya ɗauke ta daga 1983 zuwa 2009. A nan ina ganin ɗana Mai Bin Diddigi yana da gaskiya: akwai bambanci tsakanin a gina abin da kowa zai shiga a matsayi ɗaya da a ce kowa ya shiga rigar babban yaya.

Kuma kada a yi wa Tanzaniya kwalliyar da ta wuce ƙima. Jam'iyya ɗaya ce ta halatta daga 1965 har zuwa 1992, an tilasta wa miliyoyin manoma ƙaura zuwa ƙauyukan da gwamnati ta tsara a cikin shekarun 1970, kuma tattalin arziki ya sha wuya. Zanzibar, tsibirin da ya haɗe da sauran ƙasar a 1964 da nasa tarihin, har yau kusan kowane zaɓe a can sai ya zo da tashin hankali.

Tsohon Ma'aikacin Baitulmali ya amsa:

Ina neman afuwar manyana, na zo a makare, amma na ga an yi ta maganar tarihi da doka ba a taɓo kuɗi ba, alhali a ganina a nan igiyar take. Hajiya ta ce mutum yana kare asalinsa ne domin ta nan rabonsa ke fitowa. To daga ina abin rabon yake fitowa?

Gwamnatin da take rayuwa da harajin mutanenta dole ta so su yi yawa, su yi arziki, kuma ba ruwanta da inda kakansu ya fito, domin baƙon da ya buɗe masana'anta riba ne gare ta. Gwamnatin da kuɗinta ke fitowa daga rijiyar mai ko ramin ma'adinai kuwa, kowane ƙarin mutum ƙarin baki ne a kan abin da ba ya ƙaruwa, saboda haka hikimarta ita ce ta rage masu haƙƙi. Ƙarƙashin kundin 1963 a Najeriya, yankin da aka haƙo ma'adinai a cikinsa yana riƙe rabin kuɗin da aka samu, kuma kowace jiha daga cikin manyan jihohin wancan lokaci tana dogara ƙwarai da abin da manomanta suka noma. Bayan da mai ya mamaye komai, aka tattara kuɗin a tsakiya ana rabawa duk wata. Yau gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo man. Da yake wani kaso mai tsoka na rabon jihohi daidai-wa-daida ake yin sa, duk al'ummar da ta samu jiharta ta samu sabon famfo. Shi ya sa aka tashi daga jihohi 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, har 36 a 1996, da ƙananan hukumomi 774, kuma har gobe ana kai wa majalisa buƙatun ƙarin wasu. Shi ya sa kuma ƙidaya ta zama abin faɗa, aka soke ta 1962 da ta 1973, aka cire tambayar ƙabila da addini daga ta 2006.

Ba ina cewa a dawo da harajin zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin Turawa, ba ne, wanda dagatai da 'yan doka suke tatsa da bulala. Lokacin da gwamnonin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979 talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma tun daga lokacin da hukuma ta daina buƙatar aljihun talaka, ta kuma daina jin tsoron tambayarsa.

Za a ce mini Botsuwana ma da lu'ulu'u take rayuwa, kuma gaskiya ne. Sai dai an gano shi ne a 1967, shekara guda bayan mulkin kai, a yankin ƙabilar shugaban ƙasa Seretse Khama, kuma shi da kansa ya jagoranci mayar da haƙƙin ma'adinai daga hannun ƙabilu zuwa hannun ƙasa, wato ya fara da sadaukar da na gidansu. An riƙa shigar da kuɗin cikin kasafi ana gina makarantu da asibitoci da hanyoyi, kuma jam'iyyar da ta yi mulki tun 1966 ta sha kaye a zaɓen 2024 ta miƙa mulki ba tare da an harba bindiga ba. Su ma ba su tsira daga zalunci ba, domin sai da 'yan ƙabilar San suka kai gwamnati kotu kan korarsu daga hamadar Kalahari, suka yi nasara a 2006.

Tsohuwar Lauya ta sake amsawa:

Alhaji, ka kawo abin da ya ɓace mana, amma ina jin tsoron yadda wasu za su karanta maganarka, domin da irin wannan hujja ake kiran a bar kowace jiha ta ci abin da ta samu, kuma idan aka yi haka dare ɗaya, jihohin da ba su da mai ko tashar jiragen ruwa ba za su iya biyan albashin malaman firamare ba. Ni gyaran da nake ganin ya fi kusa da hannu shi ne a ɗaura haƙƙi a kan zama maimakon asali. A rubuta a kundi cewa duk ɗan ƙasar da ya zauna a ƙaramar hukuma na wasu shekaru da doka za ta ƙayyade, yana biyan abin da aka ɗora masa, to ya cancanci gurbin karatu da aiki da takara a wurin kamar kowa, a bar wa masarautu abin da ya shafi sarauta da gadon gidaje. Na san waɗanda za su fi ƙin wannan su ne ƙananan ƙabilu, waɗanda suke tsoron a mamaye su a ƙasar kakanninsu, kuma tsoronsu ba sabo ba ne, tun 1957 aka kafa kwamitin Willink don sauraronsa. Dole a ba su wata kariya, musamman a kan filaye, kafin su yarda. Kuma gyaran kundin yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da kuma amincewar majalisun jihohi 24, waɗanda mafi yawan 'yan cikinsu da wannan takarda ta asali suka samu kujerunsu.